Me Ya Sa Lasifikar Masallacinmu Take Gurnani?

Ana saura kwana tara a ɗauki azumin bara, kwamitin masallacin unguwarmu ya sayo sabuwar amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta kai ga lasifika. Kuɗin karo-karo ne, har matan unguwa sun sa hannu, domin kowa ya gaji da gurnanin da ke kwance a ƙarƙashin muryar liman, wani "huuum" mai kauri da ba ya ɗagawa tun daga kabbarar harama har a yi sallama. Aka kawo ta a kwalinta, aka zare wayoyi daga jikin tsohuwar aka soka wa sabuwar, aka kunna. Gurnani yana nan daram, har ma ya fi na da, tunda sabuwar ta fi tsohuwar ƙarfi. Nan take aka yanke hukunci cewa jabu aka sayar mana, gobe da safe a mayar.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da muke sahu ɗaya da shi. Ya matso ya ce wa shugaban kwamiti, "Alhaji, a dakata da mayarwar nan. A bar ni in saurare ta tukuna." Bai buɗe na'urar ba, bai ma ɗauko sukudireba ba. Ya zare duk wayoyin da ke shiga cikinta, ya bar na lasifika kaɗai, ya murɗa ƙara. Shiru, sai ɗan huci can ƙasa wanda sai ka kai kunne bakin lasifika za ka ji. Ya dube ni, da yake ni ke riƙe masa tocila, ya ce, "Ɗana, ka ji ko? Lafiyarta ƙalau. Abin da ake ɗura mata ne ba shi da kyau." Na ce, "To Baba, tsohuwar fa?" Ya ce ita ma da wuya in tana da laifi.

Tun daga daren nan nake sa kunne a duk inda aka kunna lasifika, a masallatan Juma'a, a wuraren biki, a Islamiyya ranar saukar karatu. Abin da na tabbatar shi ne, mafi yawan ƙarar da muke ɗora wa na'ura, ko wutar NEPA, ko mu ce ai ɗan China ne, a tsakanin na'urorin ake haifarta: a cikin wayoyi, a mahaɗai, a bayan soket. Za mu zuba kuɗi masu yawa a kan amfilifaya da manyan lasifikoki, amma idan aka zo kan wayar da za ta haɗa su sai a aiki yaro ya samo ko wace iri ce. Abin yana damuna, domin tsohon da ya tako daga nesa ya shimfiɗa darduma a rana yana da haƙƙin ya ji huɗuba kalma bayan kalma.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowace ƙara da irin muryarta. Gurnani mai kauri da ba ya hawa ba ya sauka, muryar wutar lantarki ce. Wutar da ake ba mu a Nijeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a kowane sakan, to wannan kai-komon ne ya samu ƙofa ya shiga hanyar murya. Idan gurnanin ya yi kaifi ya koma kamar kukan zuma, a nemi caja, ko infata, ko ƙwan fitila mai arha, ko regiletar fanka. Huci mai kama da yayyafi a kan rufin kwano yana nufin an murɗa wani wuri har ƙurya don a cike gurbin wani wurin da aka bari a ƙasa. Ƙaras-ƙaras idan an taɓa waya, tsinkewa ce ko tsatsa. Ihu mai tsini da ke sa mutane toshe kunne kuwa wata cuta ce daban, haka ma muryar da ke fashewa kamar tsagaggiyar ganga. Wanda bai tsaya ya bambance su ba, maganin ciwon kai zai yi ta ba mai ciwon ciki.

Don a gane yadda ƙazanta take shiga, sai an san irin raunin makirufo. Liman yana karatu a bakinsa, amma wutar da yake fitarwa ba ta wuce kashi 2 ko 3 cikin 1000 na bolt ɗaya ba. Batirin tocila guda, mai bolt 1.5, ya ninka ta sau ɗari biyar ko fiye. A can ƙarshe kuma, amfilifaya mai wat 100 da ke tura lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) tana fitar da kusan bolt 28. Ka ga tsakanin bakin liman da bakin lasifika an ninka abin sau dubu goma. Na'ura ba ta san wannan muryar mutum ce, wancan datti ne ba. Duk abin da ya faɗa cikin wayar makirufo, ninkin nan na dubu goma zai samu. Shi ya sa 'yan mitocin nan na wayar makirufo suka fi duk sauran wayoyin da ke wurin muhimmanci, kuma su ne aka fi wulaƙantawa, ana taka su, ana ja, ana ɗaure su a jikin ƙarfen taga.

Kowace waya eriya ce, ko an so ko ba a so. Wayar wutar da ke zuwa fanka tana watsa ƙarfinta a kewayenta, duk wayar da ta raɓe ta sai ta ɗauki rabonta. Idan ka fere wayar makirufo ta ƙwarai za ka ga wata saƙar tagulla kamar raga ta lulluɓe abin da ke ciki. Garkuwa ce, aikinta ta tare dattin ta zubar da shi ƙasa. Sai dai wayoyin murya iri biyu ne. A iri na farko, waya ɗaya ce a cikin ragar, don haka ragar take aiki biyu: ita ce garkuwa, ita ce kuma hanyar da murya take komawa ta cikinta. Kamar a haɗa ruwan sha da na kwata a bututu guda ne. Irin wannan su ne masu kai ja da fari da ke bayan talabijin, waɗanda ake kira RCA, da kuma dogon kan nan na jak mai baƙin zobe ɗaya. Ba su da laifi idan tafiyar gajeriya ce, mita uku zuwa biyar. Da an wuce nan, musamman da makirufo, an buɗe wa gurnani ƙofa.

Iri na biyu yana da waya biyu a ciki, an murɗe su tare kamar igiya, sannan raga ta rufe su. Kansa shi ne mai kauri mai ƙafa uku, XLR. Hikimar da ke cikinsa tana burge ni duk lokacin da na tuna ta. Ka ɗauki sikelin nan na da mai faranti biyu. Idan hazo ya sauke ƙura daidai wa daida a kan farantan biyu, allura ba za ta motsa ba, domin sikeli bambancin da ke tsakanin farantan yake aunawa. To haka na'urar da ke karɓar murya take yi wa wayoyin nan biyu. Murya tana zuwa ne ta yadda idan waya ɗaya ta hau, ɗayar za ta sauka, kamar an danna faranti ɗaya an ɗaga ɗaya, sai allura ta karkata sosai. Datti kuwa, da yake wayoyin a murɗe suke tare kuma hanya ɗaya suka bi, daidai yake hawa kan kowacce, sai a cire wannan daga wancan a tashi babu komai. Raga kuma ta koma aikinta guda, na garkuwa. Dabarar ta samo asali ne daga masu wayar tarho. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar murɗaɗɗiyar waya a Amurka, domin layukan tarho na wancan zamani ma da irin wannan datti suke fama. Da irin wannan waya ana iya jan makirufo mita 100 murya ta isa tsaf. Ga masu liƙa kai da dalma, tsarin da aka amince da shi a duniya shi ne ƙafa ta 1 raga, ta 2 waya mai ɗauke da murya a miƙe, ta 3 abokiyar tafiyarta.

Amma akwai tarko a nan, kuma mutane da yawa sun faɗa. Ana sayar da waya mai XLR a gefen makirufo, jak mai zobe ɗaya a gefen amfilifaya. Mai saye yana ganin ƙafa uku sai hankalinsa ya kwanta. Alhali a cikin jak ɗin an haɗe ƙafa ta 3 da raga, sikeli ya koma mai faranti ɗaya. Kuma ƙananan amfilifayoyi da yawa da ke masallatanmu irin wannan ramin kaɗai suke da shi. Idan haka ne, ko dai a matso da na'urar kusa da liman wayar ta gajarta, ko a sa ƙaramar miksa mai ramin XLR a tsakani, wato na'urar da ke tara muryoyi ta daidaita su kafin su wuce amfilifaya.

A namu masallacin abin ya ma fi haka muni. Da dattijon nan ya bi wayar murya mai zuwa amfilifaya da hannu har cikin silin, sai ga inda aka yanke ta shekarun baya lokacin da aka faɗaɗa ginin. An ƙara mata kusan mita goma sha biyu na farar wayar fitila, wadda ba ta da raga ko kaɗan, an murɗe bakin da hannu an naɗe da salatif. Sannan don kada ta yi lilo, sai aka ɗaure ta tsaf a jikin wayar wutar fankoki, suka yi tafiyarsu tare tun daga mihrabi har sito. Ya ce wayar murya da wayar wuta ba sa kwana ɗaki ɗaya. A raba su ko da taku ɗaya ne, in kuma dole sai sun gamu, to su gitta juna kamar mararraba, kada su jera. Da aka sauya wannan wayar, fiye da rabin gurnanin ya tafi.

Ragowar shi ne mai wuyar ganewa, kuma shi ne ya fi wahalar da masu sana'ar kansu. Miksarmu tana gaba kusa da liman, an soka ta a soket na tsohon gini. Amfilifaya tana sito, a soket na sabon gini. Kowace na'ura mai fulogi ƙafa uku, jikinta na ƙarfe a haɗe yake da doguwar ƙafar nan ta sama, wato wayar ƙasa. A ƙa'ida, wayar ƙasa ta kowane soket a gini ya kamata ta zama daidai da ta ɗan'uwansa. A zahiri ba haka take ba, akan samu ɗan bambanci, ko da kaso kaɗan ne na bolt ɗaya. To ga na'ura biyu, kowacce ta kama ƙasa ta nata soket, sannan ga ragar wayar murya ta haɗa jikinsu. An yi zobe ke nan. Wuta kuwa duk inda ta ga tudu da gangare sai ta gangara, kamar ruwa. Sai ta riƙa bi ta cikin ragar nan tana zagayawa, sau 50 a sakan, a kan hanyar da murya take bi. Alamar wannan cuta a bayyane take: kowace na'ura ita kaɗai shiru take, da an haɗa su sai gurnani ya tashi, kuma sau da yawa ko an rage ƙarar makirufo har ƙasa yana nan.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. A ciyar da duk na'urorin murya daga wuri ɗaya, soket ɗaya da ekstenshin mai kyau wanda wayarsa uku ce da gaske, in dai nauyinsu bai fi ƙarfinsa ba. Idan nisa ya hana, a haɗa su da waya mai XLR. Idan ya ƙi, akwai ɗan akwati mai ƙaramar taransifoma a ciki da ake sawa a tsakiyar wayar murya, masu kiɗa suna ce masa DI. Murya tana tsallakawa ta maganaɗisu, amma babu ƙarfen da ya taɓa ƙarfe, zobe ya tsinke.

Akwai kuma wani magani da ya yaɗu a wurinmu wanda nake roƙon a bar shi don Allah: karya doguwar ƙafar fulogi, ko zare wayar ƙasa daga cikinsa. Gaskiya ne gurnani yakan ɗauke, shi ya sa mai yin haka yake ganin ya iya aiki. Amma gyaran gangar Auzinawa ne. Fulogin nan mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, da gangan aka yi ƙafar ƙasa ta fi sauran tsawo, don ta riga su shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Ranar da wata waya mai wuta ta goge a cikin amfilifaya ta taɓa jikin ƙarfe, ita ce za ta kwashe wutar ta sa fis ya ƙone ko bureka ta faɗi. In babu ita, wutar za ta tsaya a jikin na'ura, ta bi raga, ta isa kan makirufo tana jiran wanda zai taɓa. A watan Mayu na 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotland, Leslie Harvey, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a gaban 'yan kallo, bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba.

Yanzu ka dubi ladaninmu. Ya fito daga alwala, hannu da danshi, ƙafa da danshi, babu takalmi, ya tsaya a kan siminti ko tayil, ya kama makirufo na ƙarfe ya kai shi leɓensa. Ban san wani mai amfani da lasifika da ya fi shi zama cikin haɗari ba, kuma sau biyar yake yin haka kowace rana. Ladanai da yawa za su gaya maka makirufo yana ɗan cizonsu a leɓe, har wasu suna naɗa masa hankici. Wannan cizon gargaɗi ne. Gine-ginenmu da yawa ramin sama na soket ɗinsu fanko ne, ba a ja masa waya ba. Wasu kuma, kamar yadda muka tarar a sabon sashen masallacinmu, mai wayarin ya yi gajen haƙuri ya haɗe ramin ƙasa da wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a bayan soket. Wannan yana kawo gurnani, domin duk wutar da fankoki ke mayarwa ta nutural tana taɓa jikin amfilifaya. Ya kuma fi rashin wayar ƙasar haɗari, domin ranar da nutural ta tsinke, ko aka juya wayoyi wajen haɗa janareta, jikin na'ura gaba ɗaya zai ɗauki wuta. Abin da ake bukata shi ne sandar ƙasa ta tagulla da aka kafa da zurfi inda ƙasa ke riƙe danshi, tunda busasshiyar ƙasar rani ba ta karɓar wuta sosai, da waya ta uku zuwa kowane soket, da irin burekar nan mai jin yoyon wuta wadda ake rubuta 30mA a jikinta.

Zamani ya ƙaro mana wasu ƙofofin. Yau kusan kowane tafsiri ana ɗaukarsa da wayar salula ana watsawa kai tsaye a Facebook, kuma tunda zaman yana da tsawo, sai a bar wayar a caji. Caja mai arha tana yanka wuta dubban sau a sakan, kuma dattin wannan yankan yana bi ta jikin salular ya shiga miksa. Gwajin mai sauƙi ne: zare cajar. Idan zuzun ya ɗauke, ka kama ɓarawo, sai a koma fawa-banki ko a sa ɗan akwatin taransifoma a tsakani. Haka kwamfutar tafi-da-gidanka take yi wa masu kiɗan biki. Ƙananan infatoci masu arha su ma wutarsu ba ta da santsi, a gutsure take fitowa, kuma ana jin gutsurin a lasifika. Shi kuwa "tit-tiri-tit" ɗin nan da ke riga kira shigowa, salula ce a kan tsohon layin 2G take aika saƙonta cikin bugu kusan 217 a sakan. Maganinsa kawai a nisanta ta da wayar makirufo. Aljihun gaban rigar mai wa'azi shi ne wuri mafi muni da za a ajiye ta.

Sai maganar ramuka. Ba kowane ramin da kai ya shiga ne nasa ba. Ƙarfin murya a cikin waya hawa uku ne: na makirufo, wanda muka ga rauninsa, na layi, wanda ke fitowa daga miksa ko rediyo ko salula, daga kusan sulusin bolt a kayan gida zuwa bolt ɗaya da ɗan ɗori a kayan ƙwararru, sai na lasifika, mai gomman bolt. Wanda ya soka salula a ramin makirufo ya ɗura ruwan tulu a kofin shayi, murya za ta fashe tun daga ƙofa, kuma duk rage ƙarar da za a yi daga baya fasasshiyar muryar ce za a rage. Wanda ya soka makirufo a ramin layi kuma zai yi ta murɗawa har ƙarshe, ya samu 'yar murya a cikin tulin huci. Da yawa daga cikin karatun malamai da ke yawo a wayoyinmu da dusasshiyar murya, a nan aka lalata su, an ɗauko layi daga miksa an tura kai tsaye cikin ramin makirufo na salula. Ilimi ne mai daraja da za a saurara shekaru masu zuwa, amma an adana shi a gurɓace saboda rashin ɗan mahaɗi mai rage ƙarfi. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne a ɗauko daga bayan amfilifaya, inda lasifika take, a kai cikin miksa ko salula. Ƙonewa ce.

A kan miksa, mamurɗin da ke can sama kusa da ramin makirufo shi ne mai tsaron ƙofa. Shi ake fara saitawa, mai magana yana magana da irin ƙarfin da zai yi a gaban jama'a, a ɗaga har koren fitila ya riƙa motsi sosai, ja kuwa kada ya kama sai dai ƙyaftawa jefi-jefi. Jan fitilar da ya zauna daram yana nufin murya tana bugun silin, kuma irin wannan fasasshiyar murya ita ke ƙona koyil ɗin lasifika, ko da amfilifayar ƙarama ce.

Ihun nan mai tsini kuma zagaye ne: makirufo ya ji lasifika, ya mayar mata, ta ƙara masa, ya sake mayarwa. Lasifika ta kasance a gaban mai magana tana kallon jama'a, kada ta zauna a bayansa tana kallon makirufo. Mai magana ya matso da baki, domin duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin muryar da ke isa makirufo yana komawa rubu'i, sai a tilasta wa mai na'ura ya ƙara, ihu ya tashi. Kada a dunƙule kan makirufo da tafin hannu, domin ramukan da ke bayan kan su ne ke sa shi ya ƙi jin abin da ke bayansa, da an toshe su ya zama mai jin ko'ina. Game da eko, ra'ayina a fili yake. Masallacin da aka shafe da tayil daga ƙasa har bango ya riga ya cika da amsa-kuwwa. Ƙara masa eko na na'ura yana sa harafi ya hau kan harafi, mai saurare ya ji daɗin sauti amma ya kasa kama ayar.

Ɓangaren lasifika ba ya kawo gurnani, amma a nan ake kashe na'urori. Duk lokacin da jama'a suka ƙaru sai a sayo hon ɗaya, wato lasifikar nan mai baki kamar kakaki, a liƙa a kan wayar ɗan'uwansa. Lasifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su haka sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, kuma duk sa'ad da lambar ta sauka, nauyin da ke kan amfilifaya ƙaruwa yake. Sai ta yi zafi, murya ta shaƙe, wata rana ta yi hayaƙi a ce ba ta da ƙarko. Ga kuma asarar hanya. Siririyar wayar tagulla mai kaurin rabin milimita murabba'i, idan aka ja ta mita 100 zuwa bakin titi, zuwa da dawowa tana da kusan om 7. A haɗa ta da lasifika mai om 8, kusan rabin ƙarfin ya ƙare a ɗumama waya. In kuma irin wayar nan ce ta alminiyon da aka shafa wa tagulla a sama, asarar ta fi haka. Alhali mafita tana nan a bayan na'urar. Amfilifayoyi irin su Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, waɗanda suka cika masallatanmu, yawancinsu suna da wurin ɗaura waya da aka rubuta 100V a kai. An yi shi ne don doguwar tafiya da lasifikoki masu yawa. Kowane hon sai ya kasance da 'yar taransifomarsa. Wanda aka saita a wat 30 a kan wannan layi yana zama kamar om 333, don haka om 7 na waya kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Lissafin ma ya fi sauƙi, a tara wat na duk lasifikokin, kada jimillar ta kai ƙarfin amfilifaya, a bar mata sarari. Sharaɗin dai kada a ɗaura hon marar taransifoma a kan 100V, kuma kada a yi amfani da layin 100V da na om a lokaci guda. A kuma kula ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi a kowace lasifika, domin idan aka juya ɗaya, tana turawa 'yar'uwarta tana ja, kaurin murya ya zube a tsakaninsu.

Wajen kunnawa, amfilifaya ce ta ƙarshe. Wajen kashewa, ita ce ta farko. Wannan "gum" da ake ji idan an saɓa tsarin duka ne a kan lasifika. Idan an ɗauke wuta aka tayar da janareta, a bar shi ya daidaita numfashi kafin a mayar da na'urori kansa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ramuka da mamurɗai, don haka a rufe kaya da ƙyalle bayan an gama, a naɗe waya a hankali cikin faɗi, ba a kan gwiwar hannu ana murɗe ta ba.

A daren nan dattijon bai bar masallaci ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Abu ɗaya yake sauyawa a lokaci guda, ya saurara, sannan ya matsa gaba. Ya dawo da amfilifaya kusa da miksa suka ci daga soket ɗaya, ya ja wayar lasifika ta yi doguwar tafiyar a maimakon ta murya, ya raba haɗin da aka yi a bayan soket na sabon gini. Kafin ya tafi ya ce a ɗauko tsohuwar amfilifayar a gwada. Aka gwada, murya ta fito garau. Yanzu ita ke tura lasifikokin ɓangaren mata. Sandar ƙasa ce dai har yau ba a kafa ba. Mun tarar tsohuwar ta ruɓe da tsatsa a gindin bango, an sa maganar a lissafin bayan Sallah, sai gyaran rufi ya sha gabanta. Na sake tayar da ita a zaman kwamiti na watan jiya, kuma kafin a yi, mun shimfiɗa wa ladan tabarmar roba mai kauri a inda yake tsayawa.